Injin Kwance Noti Mai Batir: Kafin Ka Sayi Doki, Ka San Inda Ake Sayar Da Harawa

 

Yayana mai faci ne. Rumfarsa tana bakin titi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙara wa tayarsa iska ya san irin kayan aikinsa: kwamfireso mai injin fetur, jak biyu, rabin duro cike da ruwa, da sifanar taya wadda aka zura wa dogon bututun ƙarfe. Idan noti ya yi gardama, yaronsa ne zai hau kan bututun ya dinga tsalle har sai an ji ya yi ƙara ya saki. Haka na taso na ga ana yi.

Ya daɗe yana son ya huta da wannan tsalle. Da farko bindigar iska ya so saye, amma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk tayar da kwamfireso sai da lissafi. Da adashinsa ya zagayo sai ya ce zai sayi injin kwance noti mai batir, wannan da 'yan gareji ke kira impak. Ya kira ni ya ce, "Injiniya, kai ka yi boko, ka zaɓo mana." Difloma ce da ni ta fannin injina daga kwalejin kimiyya da fasaha, kuma a gidanmu wannan ta isa a kira mutum injiniya.

Na yi kusan mako biyu ina ƙona data a YouTube, ina kallon Turawa suna gwada injina, wannan ya kwance, wancan ya gaza. Na fito da sunan wanda ya fi kowa ƙarfi. Muka same shi na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga Amurka, da batir ɗaya da caja. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba shi da laifi, kayansa masu kyau ne. Ranar farko muka jona cajar ta ce tas, hayaƙi ya tashi. An yi ta ne don wutar Amurka mai 120V, mu kuwa tamu 230V ce. A jikinta aka rubuta, ni ne ban duba ba. Da ƙyar muka samo wata cajar da taransifoma mai rage wuta. Injin kam ya yi aiki, har masu faci na kusa suna zuwa kallo. Bayan 'yan watanni batirin ya fara gajiya, ya koma ba ya gama mota biyu, da bazara ta shigo ya mutu gaba ɗaya. Na zaga kasuwa shago-shago. Wanda ya ce yana da shi, jabu ne. Wanda ya ce zai yi mana oda, kuɗin da ya faɗa ya kusa kamo abin da muka sayi injin da shi.

Yau injin yana cikin buhu a ƙarƙashin benci, lafiyarsa ƙalau. Yaya bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Injiniya, doki ka sayo mana, ba ka tambayi inda ake sayar da harawa ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, domin adashin wata goma ne.

To ga ra'ayina, wanda na koya da kuɗin yayana. Mai neman irin wannan inji ya fara zaɓen batir, daga baya ya zaɓi injin. A zaɓen batirin ma tambayar farko ita ce: idan ya mutu gobe, zan samu na asali a garin nan, da kuɗin da zan iya biya? Girman sunan kamfani da lambar ƙarfin da aka buga a kwali duk suna bayan wannan tambayar. Na san akwai waɗanda ba za su yarda ba, kuma zan kawo hujjojinsu, amma bari in fara da nawa.

Mu fara da injin kansa. A cikinsa akwai mota ƙarama mai juya wani dunƙulen ƙarfe da ake kira guduma, a bayanta akwai sifirin. Idan noti yana tafiya sai komai ya juya tare. Da ya cije, sai gudumar ta ja baya, ta zame, sifirin ya turo ta ta doki ƙarfen da ke riƙe da soket, kamar yadda maƙeri ke dukan uwar maƙera. Tana yin haka sau dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya. Wannan dukan ne ƙarar da ake ji, kuma shi ya sa inji mai nauyin kilo biyu ke kwance abin da ya gagari ƙato, ba tare da ya murɗe hannun mai riƙe da shi ba.

Ana auna ƙarfin murɗa da wani ma'auni da ake rubutawa Nm. Don a gane shi, idan ka rataya kilo 10 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ka sa wa noti kusan 100 Nm. Ke nan yaron yayana mai nauyin kilo 50, idan ya tsaya a ƙarshen bututu mai mita ɗaya, ya sa kusan 490 Nm tun kafin ya yi tsalle. Yanzu a kwatanta da abin da masu ƙera motoci suka ce. Notin tayar Toyota Corolla 103 Nm yake buƙata, na Honda Accord 108, na Volkswagen Golf 120. Notin akasil da na fulen inji sukan haura 200. Sai an je ga manyan motoci irin tirela ake maganar 600 ko sama da haka. Tsatsa da ɗaurin ganganci suna ninka abin da ake buƙata wajen kwancewa, amma duk da haka inji mai 600 zuwa 700 Nm ya wadatar da mai aikin ƙananan motoci da bas.

Kamfanoni sun san haka, shi ya sa kowanne ke da ƙarami da matsakaici da babba. A ɗauki Makita misali: DTW300 yana da 330 Nm, DTW700 yana da 700, DTW1002 kuma 1000. Kuma a lura, sau da yawa lamba biyu ake bugawa, ta ɗaurewa da ta kwancewa, kuma ta biyun ta fi girma. DeWalt DCF899 yana ɗaurewa da 950 Nm, amma ana tallarsa da 1625 na kwancewa. Mai shago zai nuna maka wadda ta fi girma. Babban inji kuma da batirinsa ya haura kilo 3, ba ya shiga lungun inji, kuma wanda ya wuni yana ɗaga shi kafaɗarsa za ta ba shi labari da dare. Ni da na zaɓo wa yayana sarkin ƙarfi, rabin ƙarfin ma bai taɓa buƙata ba.

Abin da nake son a gane a nan shi ne, duk kamfanin kirki yana da injin da zai yi maka aikinka. Idan ka samu mai bakin rabin inci, matsakaicin ƙarfi, wanda motarsa ba ta amfani da kabon, ka gama da wannan ɓangaren. Bambancin da ke tsakaninsu a wajen gwaji na daƙiƙa biyu ne ko uku, kuma babu direban da ya taɓa fasa biyan kuɗin faci saboda daƙiƙa uku.

Batir ne mai mutuwa. Idan ka buɗe shi za ka ga ƙwayoyi masu kama da batirin tocila, yawanci waɗanda ake kira 18650, wato faɗin milimita 18 da tsawon 65. Akwai kuma manya da ake kira 21700. Kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic da Murata ne ke yin masu inganci. Kowace ƙwaya tana da adadin cajin da za ta ɗauka, 'yan ɗaruruwa, daga nan ta fara rauni. Ko ba a amfani da ita ma tsufa take yi a ajiye. Inji zai iya shekara goma idan ana kula da shi, amma mai aiki kullum zai canza batir sau da dama a cikin wannan lokaci. Idan ka tara kuɗin batiran, za ka ga sun zarce kuɗin injin. Ashe babban cinikin yana gaba, kuɗin da ka biya ranar farko kafin alƙalami ne.

A nan ne kuma aka fi yaudarar mutane da lambobi. Kowace ƙwaya tana ba da kimanin 3.6V a bakin aiki, idan an cika ta taf tana kai 4.2V. Ana jera guda biyar kai da gindi, kamar yadda ake jera batir a tocila. Biyar sau 3.6 shi ne 18V. Wani kamfanin sai ya lissafa da 4, ya rubuta 20V. Wani ya lissafa da 4.2, ya rubuta 21V. Duk abu ɗaya ne. DeWalt ma batirin da take sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi take sayarwa a Turai da sunan 18V XR. Don haka kada wani ya ƙara maka kuɗi wai 20 ta fi 18. Waɗanda ke zuwa a kwali mai ƙyalli an rubuta musu 88V ko 128V kuwa, wannan lamba ce kawai. Kafin a samu 88V sai an jera ƙwaya 21, nauyin ƙwayoyin kaɗai ya kusa kilo ɗaya. Ka ɗaga batirin a hannunka, zai faɗa maka gaskiya.

Lamba ta biyu ita ce Ah, wadda ke nuna yawan wutar da batir ke riƙewa, kamar girman tankin mai. Ƙwayar 18650 da ake sa wa kayan aiki takan riƙe 2 zuwa 3 Ah, mafi girmanta ma ba ta wuce kusan 3.5 ba. Batir mai sahu ɗaya na ƙwaya biyar ke nan ba zai wuce haka ba. Kafin a samu 4 ko 5 Ah da irin wannan ƙwaya sai an yi sahu biyu, ƙwaya goma, kuma kowace ƙwaya tana da nauyin kusan giram 45. Batirin 5 Ah na gaskiya ya haura rabin kilo. Idan aka miƙo maka siririn batir mara nauyi an rubuta 6 Ah ko 9 Ah, ka ajiye musu kayansu. Sahu biyu kuma ba daɗewa kaɗai yake ƙarawa ba, yana ba inji damar jan wuta da yawa lokaci guda, shi ya sa babban inji da ƙaramin batir yake zama kamar ingarma da yunwa.

Yanzu ga inda ɗaurin yake. Kowane kamfani ya ƙera wa batirinsa mazauni na daban. Na Makita sunansa LXT, ya fito a 2005. Na Milwaukee M18, ya fito a 2008. DeWalt tana da 20V MAX tun 2011. Ingco da Total, waɗanda suka cika kasuwanninmu, suna kiran nasu P20S. Ƙwayoyin ciki iri ɗaya ne, wutar iri ɗaya ce, amma batirin Makita ba ya hawa injin DeWalt, na DeWalt ba ya hawa na Milwaukee. Abin ma ya wuce nan. Kamfanin TTI na Hong Kong shi ke da Milwaukee tun 2005, kuma shi ke ƙera Ryobi da ake sayarwa a Amurka da Turai, amma batirin ɗayan ba ya shiga ɗayan. Bosch tana da shuɗi na ma'aikata da kore na aikin gida, duka 18V, kuma ba sa musayar batir. Makita ta fito da wani sabon tsari mai suna XGT na 40V, batirinsa ba ya hawa injinan LXT.

Wannan ba kuskure ba ne, dabarar kasuwa ce. Ranar da ka sayi inji da batir biyu da caja, gobe idan kana son dirila ko giranda ko fitila, za ka ga ya fi maka araha ka sayi na kamfanin nan tsurarsa ba batir. Jibi ka ƙara wani. Kafin ka farga kana da kaya biyar masu cin abinci a kwano ɗaya, kuma sauya kamfani ya zama sauya komai. Wannan yana da daɗi idan ka faɗa gidan kirki, domin batir biyu za su riƙe maka rumfa gaba ɗaya. Idan kuwa ka faɗa gidan da ba a samun batirinsa, ranar da ya mutu kayanka biyar ne suka mutu tare.

Saboda haka yana da kyau a duba tarihin kamfani wajen riƙe alƙawari. Ryobi ba ta canza mazaunin batirinta mai 18V ba tun 1996. DeWalt kuwa da ta koma sabon tsari a 2011, masu tsofaffin injinanta sai da suka jira aka yi musu mahaɗi. A Turai an fara ɗan sassautawa: Metabo ta jagoranci wani ƙawance mai suna CAS a 2018, Bosch ta kafa AMPShare a 2022, inda kamfanoni da dama ke amfani da batir ɗaya. Tarayyar Turai ta tilasta wa masu wayoyin hannu caja iri ɗaya ta USB-C daga ƙarshen 2024, amma manyan masu kayan aiki har yanzu kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kafin a kai ga haɗa su, mai saye ne zai kare kansa.

Mu nan kuma muna da ƙarin dalili biyu da mai gwaji a YouTube ba ya fama da su, zafi da wuta. Zafi shi ne babban maƙiyin irin wannan batir. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rumfar kwano ko cikin but ɗin mota. Caja mai kyau ba ta yarda ta fara aiki idan batir ya yi zafi, sai ya huce, wasu ma irin na Makita suna da fanka mai hura masa iska. Sannan wutar da za a kawo ta awa biyu a ɗauke tana buƙatar caja mai sauri. Cajar Makita DC18RC tana cika batirin 5 Ah cikin kimanin minti 45, alhali ƙananan cajoji na araha sukan ɗauki awanni. Abin daɗin shi ne wutar da batirin ke ci ba ta da yawa. Na 18V mai 5 Ah bai wuce cajin manyan wayoyin hannu biyar ba, ƙaramar sola mai inbata za ta cika shi. Amma dole caja ta zama ta 220V zuwa 240V. A juya ta a karanta bayanta kafin a biya. Ni shaida ne.

To bari mu saurari masu ja.

Na farko zai ce, wannan maganar masu kuɗi ce, talaka abin da aljihunsa ya kai yake saya. Gaskiya ne, kuma ban ce a sayi mai tsada ba. Abin da na ce shi ne a sayi wanda ake samun batirinsa. A inda nake, abin da idona ke gani a shaguna shi ne Ingco da Total sun fi yawa, sai Bosch da Makita jefi-jefi, Milwaukee da Ryobi kuwa galibi na hannu ne. A wajen gwaji wataƙila manyan sunayen su yi gaba, amma inji matsakaici da ke aiki ranar Litinin ya fi zakaran duniya da ke cikin buhu. Wanda nake tsoratarwa a kai shi ne mara suna, wanda yau yana kasuwa da wani tambari, bayan wata shida ya dawo da wani. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan mota ɗaya gare ka kuma sau uku a shekara za ka taɓa shi, ba laifi. Idan da shi za ka ci abinci, lissafin daban ne.

Na biyu zai ce, ai yanzu akwai mahaɗi na roba da ke sa batirin wannan ya hau injin wancan. Akwai, kuma yana aiki. Matsalar ita ce wannan batir ba ya son a zuƙe shi har ƙasa, kuma akwai wani allon lantarki da ke yanke wuta kafin a kai nan. Wasu kamfanonin, kamar Ryobi, a cikin batir suka sa shi. Wasu, kamar DeWalt, a cikin inji suka sa. Idan ka haɗa batirin da ya dogara da inji da injin da ya dogara da batir, babu mai tsaro a tsakani, sai ka zuƙe ƙwayoyin su lalace. Ga shi kuma impak yana jan wuta da yawa yana jijjiga, siraran ƙarafan mahaɗi sukan yi zafi. Don fitila ko fanka mahaɗi ya yi. Don injin da za a wuni ana duka da shi, ban ba da shawara ba.

Na uku zai ce, muna da masu gyara, za su buɗe batir su canza ƙwayoyi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ina girmama masu wannan sana'a. Sai dai a tambayi wace ƙwaya za a sa. Da yawa daga tsofaffin batiran laftof ake ciro su. Girmansu ɗaya da na kayan aiki, amma an yi su ne don ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon awanni, ba don jan gaggawa ba. A cikin impak sai su yi zafi, wutar ta faɗi, wani lokaci ma su zama haɗari. Ga shi wasu batiran allonsu yana kulle kansa idan ya ga matsala, ko an sa sababbin ƙwayoyi ba ya buɗewa. Idan ka samu mai gyaran da ke da ƙwayoyi sababbi masu jure ja, kuma yana haɗa su da injin walda na musamman ba da dalma ba, ka riƙe shi da kyau. Shi ma ai wani ɓangare ne na amsar tambayar da na fara da ita.

Na huɗu zai ce, a bar batir gaba ɗaya a koma bindigar iska. Ga mai babban gareji da ke aikin tirela da tanka, wanda kwamfiresonsa mai babban tanki ke aiki dama, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Bindigar iska tana da araha, ba ta da nauyi, tana daɗewa, kuma ba ruwanta da caji. Amma tana cin iska da yawa, ƙaramin kwamfireson faci ba ya riƙe ta. Kuma rabin samun mai faci irin yayana daga kiran waya yake zuwa: mota ta yi faci a hanya, ka hau babur ka je. Ba a goya kwamfireso a babur.

Akwai wani abu kuma da son ƙarfi ke jawowa, wanda ya shafi har waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba. Inji mai 1000 Nm a hannun yaro, idan ya ɗaure notin da ke buƙatar 103, kusoshin taya suna miƙewa, tiredi yana lalacewa. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne direba ya yi faci da dare a daji ya kasa kwance tayarsa da sifanar motarsa. Mafi muni shi ne kusoshin su karye ana cikin gudu. Ƙa'ida ita ce a fara ɗaura noti da hannu, a matsar da shi da inji a ƙaramin giya, a ƙarasa da sifana mai awo wadda ke yin ƙara idan an kai adadin. Kuma a yi amfani da baƙin soket da aka yi don duka, domin farin mai ƙyalli yana iya fashewa ya yi tsartuwa a ido. Wanda ya rage kuɗin inji ya sayi waɗannan biyun ya fi wanda ya zuba komai a lambar kwali.

Da za a mayar da ni ranar da Yaya ya kira ni, ga yadda zan yi. Ba zan buɗe YouTube ba sai na fara shiga kasuwa. Zan tambayi shago uku ko huɗu batirin wane kamfani suke da shi tsurarsa, ba tare da inji ba, da cajarsa, da farashinsu. Zan ɗaga batirin in ji nauyinsa. Zan je wajen masu gyara in tambaye su wanne suke samun kayan gyaransa, kuma wanne ya fi dawo musu. Zan tambayi maƙwabtan rumfa wanne suke riƙe da shi, domin ranar da naka ya ƙare ana tsakiyar aiki, batirin maƙwabci ne zai fitar da kai kunya. Zan lissafa sauran kayan da za mu buƙata nan da shekara uku, in tabbatar kamfanin yana da su. Sai bayan duk wannan zan duba injin, in ɗauki matsakaici da batir biyu masu 4 ko 5 Ah, ɗaya yana aiki ɗaya yana caji. Idan kuɗin bai kai batir biyu ba, gara a rage girman inji da a rage batir. Na hannu kuma a saye shi da niyyar cewa batirinsa ya riga ya tsufa, a sa kuɗin sabo a cikin lissafi tun ranar.

Adashin Yaya ya sake zagayowa bana. Wannan karon bai ce in zaɓo ba, cewa ya yi in raka shi. Muna shiga shago mai kaya ya fara sauko da kwalaye yana karanta mana lambobi. Yaya ya ce masa, "Alhaji, bar injin tukuna. Nuna mini batirinsa shi kaɗai, ka faɗa mini kuɗinsa, sannan ka faɗa mini ko zan same shi a nan baɗi." Muka fito da inji matsakaici wanda ban taɓa ganinsa a bidiyon gwaji ba, da batir biyu, da sifana mai awo. Yaronsa ya daina tsalle a kan bututu. Tsohon injin yana nan a buhu, kuma na yi wa kaina alƙawarin ni zan sayo masa batir da kuɗina duk ranar da hali ya yi.

Idan a cikinku akwai mai ɗan uwa bakanike ko mai faci ko mai walda da ke shirin irin wannan saye, a isar masa. Masu ja kuma ina sauraro, musamman waɗanda suka daɗe suna aiki da waɗannan injina, don sun fi ni sanin inda ke yi musu ƙaiƙayi. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.